Gidan Da Baƙo Ke Dafa Wa Kansa

Magana ɗaya ce ta raba ni da garinmu, kuma har gobe ba zan ce wanda ya faɗe ta ƙarya ya yi ba. Wani ɗan unguwarmu ne mai fataucin goro ya dawo daga Kamaru, yana zaune a rumfata ina yi masa faci, ya ce ya yi wata uku a Yawunde bai ga mai gyaran keke ko ɗaya ba. A lokacin mu huɗu ne a layi ɗaya a Gumel muke zaman jiran keken da zai lalace, babura sun gama cinye mana kasuwa. Ban tambaye shi dalili ba. Na dai ji a raina cewa ga birni guda can yana jirana, sai na ɗaure akwatin kayan aikin da na gada wurin mahaifina na kama hanya.

A Garuwa aka fara koya mini karatu. Wani mai fara'a ya tare ni a tasha, ya yi mini sannu da Hausa mai daɗi, ya ce akwatin ƙarfe ba ya wucewa kudu sai an buga masa hatimi. Ya karɓa ya shiga wani lungu, ya dawo da shi an yi masa zane da alli. Sai da muka yi nisa na buɗe, na tarar babu famfon Baba, wanda ya fi ni shekaru a duniya. Na yi kwafa na rufe akwatin, daga nan ban ƙara bari ya bar cinyata ba.

Daga Ngaundere jirgin ƙasa na shiga. Wata dattijuwar Bafulatana da ke kusa da ni ta lura ban taɓa komai ba tun da muka zauna, ta ɓare fiya ta miƙo mini rabi. Da gari ya waye na leƙa taga, sai na kasa mayar da kaina ciki. Ni da na tashi inda ake hango mai zuwa tun yana ɗan ɗigo a nesa, ga ni cikin daji wanda idona ba ya wuce taku goma. Itatuwa sun yi tsawon da sai na kwantar da wuya kafin in ga ƙarshensu, ko'ina kore shar, ruwa na gudu a ƙarƙashin gada ba mai ko kallonsa. Tasbihi na yi ta yi, don ban san wata kalmar da ta dace ba.

A Yawunde tasi ta sauke ni a Briqueterie, unguwar da mutanenta ke ce wa Birik. Hayaƙin tsire ne ya fara yi mini maraba, sai ƙarar kekunan ɗinki, sai kiran sallar azahar. Na nemi shagon Alhaji Garba mai atamfa, wanda aka ba ni sunansa tun daga gida. Kakansa ne ya zo daga Kano, shi a nan aka haife shi. Sai da ya sa aka kawo mini abinci na ci na ƙoshi, sannan ya tambaye ni sana'ata. Na buɗe akwatin da alfahari, na nuna masa sifanu da filaya da abin cire kaca.

Ya daɗe yana kallon kayan.

"Isiyaku, mon fils, da ƙafa ka hawo layin nan daga titi?"

Na ce eh.

"Ka yi haki?"

"Na yi, Baba Alhaji."

"Voilà. To garin duka haka yake, dutse kan dutse. Wa ka gani zai taka keke a nan?"

Masu ɗinkin da ke shagon suka yi ta dariya har ɗaya ya soke yatsa. Ni ma na yi, don in ban yi ba kuka zan yi. Na fito na tsaya a bakin shagon na dubi birnin sosai a karo na farko: gidaje a kan tudu, gidaje a cikin kwari, tituna suna hawa suna gangarowa, tasi da babura sun cika su. Na tsaya har la'asar ban ga keke ba.

Alhaji ya ba ni wurin kwana a ɗakin gwauraye da ke bayan shagonsa, ya samo mini amalanken da suke kira pus. Wata bakwai ina tura kaya a kasuwar Mokolo, daga doya zuwa buhunan albasa, ruwan sama na dukana safe da yamma. A nan na tsinci Faransancin da nake ji, a ɗakin gwauraye kuma na koyi dafa-duka. Akwatin yana ƙarƙashin gado, damshi ya fara sa masa tsatsa. Duk Juma'a in na kira Inna, bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce: "Kayan babanka suna aiki?" Sai in ce suna nan lafiya, in yi maza in sauya magana. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa daga Ekoudou ya zo sau biyu yana so ya auna su a sikeli. A zuwa na biyu har na ɗauko akwatin, Alhaji ya ce in mayar, in ƙara haƙuri.

Haƙurin ya zo ne a siffar wata tsohuwa mai tabarau da sanda. Mama Odile tsohuwar malamar makaranta ce, ta daɗe tana sayen atamfa wurin Alhaji. Tana da ɗan gida a ƙauyensu, tafiyar awa biyu daga birni, wanda take bai wa masu zuwa hutu. Masu yawon ƙafa ne da masu keke ke sauka a ciki, kuma tana neman mai kula da wurin wanda ya san keke. Alhaji ne ya yi mana tafinta. Ta ce za ta gwada ni wata uku. In na yi mata, akwai ɗakin ajiya a gefen gidan da za ta ba ni in buɗe wurin gyara. In ban yi ba, pus ɗina na nan yana jirana. Ta ƙara da cewa a gidanta baƙo shi ke dafa wa kansa. Na gyaɗa kai, amma ban ɗauki wannan da muhimmanci ba, na zaci irin maganar nan ce ta fatar baki.

Ƙauyen yana cikin wani kwari, duwatsu sun kewaye shi. Safiyata ta farko na fito alwala na ga gajimare ya sauko yana yawo a tsakanin itatuwan koko, ƙasa da inda nake tsaye. Ban taɓa sanin mutum zai iya kallon gajimare daga sama ba. Akwai wani ido a jikin dutse da ruwa ke fitowa dare da rana, mai sanyi har haƙori, ba guga ba igiya. Na tuna Inna da rijiyarmu mai gaba ashirin, na zauna a wurin na daɗe. Shiru kuwa, in ban da tsuntsaye ba ka jin komai, har sai da kunnena ya yi kwanaki yana neman hayaniyar Mokolo.

Gidan baƙin ɗaki biyu ne da kicin, akwai gas da tukwane da cokula, komai a jere. Nawa ɗakin yana can ƙarshen tsakar gida, na Mama Odile kuma a tsallaken hanya, daga barandarta tana ganin duk abin da ke motsi.

Ranar Asabar kekuna suka iso a saman motoci. Na ɗaga ɗaya da yatsu biyu, gabana ya faɗi, don na zaci wani abu ya ɓalle ya bar ni da rabi. Tayarsa ba tif a ciki, birkinsa mai yake sha kamar mota. Sifanun Baba ma ba su shiga yawancin notocinsa ba. Na tsaya ina shafa shi ina tunanin inda ilimin ɗan Adam ya kai, da inda ni na tsaya. Amma da yamma wani ya dawo yana jan nasa, ƙafar baya ta karkace. Na zauna na bi siraran ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaurewa ina sassautawa ina sauraron ƙararsu, yadda Baba ya koya mini. Da na juya ƙafar ta tafi sak, mai keken ya cire hula ya sara mini. Ranar na ji ni mutum ne.

Masu yawon ƙafa su suka fi ɗaure mini kai. Mutum ya zo da mota mai sanyi, ya ajiye ta, ya ɗauki sanda da jaka ya hau dutse tun safe, ba gona zai je ba, ba gaisuwar mutuwa ba, ya dawo da yamma da taɓo har gwiwa yana murmushi. Mu da muka yi tafiyar ƙasa saboda dole, muna roƙon Allah ya ba mu abin hawa, ga waɗanda ya bai wa suna neman wahalar da muka guje wa.

A mako na biyu na tafka kuskurena. Wani likita da matarsa suka zo daga Duwala. Na ba su makulli, na koma ɗakina, amma zuciyata ta ƙi kwanciya: baƙi a gidan da nake, kuma in zauna in ci abinci ni kaɗai? Na dafa na kai musu. Da safe na ƙwanƙwasa da shayi. Da rana na ƙwanƙwasa na tambayi gajiya. Da na ga sun fita da ƙafa na bi su da gudu na ce su dakata in samo musu babur. Suna ta cewa merci, ni kuma na ɗauka daɗi suke ji. Kwana huɗu suka kama, a na biyu suka tattara suka tafi.

Mama Odile ta kira ni barandarta. A hankali take magana don in gane.

"Isiyaku, mutumin nan kullum ana buga masa ƙofa. Asibiti, waya, dangi. Ya zo inda ba mai buga masa, sai ga ka."

"Mama, a garinmu in baƙo ya kwana bai ci abincinka ba, ba ka da idon kallon mutane a masallaci."

"Na sani. Mu ma haka muke. Amma wannan gidan abin da yake bai wa mutane shi ne a ƙyale su." Ta ɗaga yatsu uku. "Ba ka ƙwanƙwasa. Ba ka shiga. Ba ka kai abinci. In ka sake ɗaya, motar Yawunde na tashi ranar Litinin."

Na kiyaye. Wuya na sha, amma na kiyaye. Na koyi miƙa makulli in juya baya, na koyi cin abincina a bayan ɗaki don kada ido ya haɗu da na baƙo. Saura kwana goma wata ukun su cika, wani tsoho ya sauko daga motar haya shi kaɗai, da sanda da jaka da kwando. Da na miƙa masa makulli ya dube ni ya ce, "Sannu, Malam. Kai Bahaushe ne?"

Sunansa Papa Simon. Direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, shekarunsa na aiki duk a hanyar Ngaundere ya yi su, a can ya tsinci Hausa. Gidansa na unguwar Madagascar, maƙwabciyar Birik, ya ce ko yanzu in iska ta juyo yana jin ƙamshin tsirenmu. Na yi masa barka da zuwa, na tambaye shi ko ya san gidan.

"Shekara ashirin muna zuwa, ni da matana," in ji shi. "Bana ni kaɗai. Matana ya mutu."

Na yi masa ta'aziyya, ya shiga ya rufe ƙofa.

Tagar kicin tana kallon tsakar gida. Ya ajiye kwandon a bakinta: shinkafa, albasa, tumatir, mai, kifin gwangwani. Kullum da safe yakan ɗauki sanda ya bi hanyar dutse, ya dawo da la'asar. Rana ta farko ban ji ƙamshin girki ba, na ce gajiya ce. Rana ta biyu da na kwashe shara, ɓawon ayaba biyu na gani da takardar biskit. Kwandon yana nan yadda ya ajiye shi, tumatir sun fara laushi. Ƙauyen kuwa ba gidan abinci, wanda bai dafa ba bai ci ba. Da yamma na hango shi ta taga yana zaune a kujera yana fuskantar gas ɗin, hannuwansa a kan gwiwa, bai kunna ba. Nan na gane. Shekara ashirin matarsa ke tsayawa a wurin nan, shi bai taɓa ɗora tukunya ba.

Rana ta uku ya dawo tun azahar. A bakin shinge ya dafa itace ya tsaya yana mayar da numfashi. Na dubi tsallaken hanya, Mama Odile na zaune a baranda tana kallonsa, tana kallona. Na koma ɗaki na zauna a kan akwatin Baba. In na kai masa abinci, ranar Litinin ina Mokolo, kayan nan kuma ƙarshensu sikeli. In ban kai ba, dattijo zai faɗi a gidan da nake riƙe da makullinsa. Na ji haushin Mama Odile, na ji haushin mai goro, na ji haushin kaina fiye da kowa.

Can sai na tashi. Na ɗauko kurfotina daga bayan ɗaki, na kawo shi tsakiyar tsakar gida, daidai saitin tagar kicin, taku biyar tsakani. Na hura gawayi, na ɗora tukunya, na juya wa tagar gefe, na fara magana da ƙarfi kamar wanda ya taɓu.

"To, Isiyaku, yau dafa-duka za ka yi. Masu gas dai sun huta. Su ƙyasta ashana kawai suke yi, su danna maɓallin su murɗa hagu."

Na ci gaba da fifita gawayi. Sai na ji ƙarar ashana, ta farko ta mutu, ta biyu ta mutu, a ta uku na ji wutar ta kama.

"Yanzu sai mai, ludayi ɗaya. Sai in yanka albasa guda, in kiyaye yatsuna."

Na ji wuƙa tana bugun katako a hankali. Na jira shi. Na ce tumatir huɗu, na ce gishiri kaɗan, na ce shinkafa gwangwani ɗaya a wanke ta, ruwa gwangwani biyu. Duk abin da na faɗa ina yi a tawa tukunyar, ina ɗaga hannu sama yadda za a gani. Wajen gishiri na ji an zazzaga abin da ya fi kaɗan nesa ba kusa ba, na dai ci gaba da nawa girkin.

"Malam," in ji murya daga taga, "in ruwa ya ƙare, shinkafa bai dahu ba?"

Ban waiwaya ba. Na dubi tukunyata na ce mata, "In kika yi mini haka, sai in ƙara miki rabin kofi, in rage wuta, in rufe ki."

Na ji ya yi 'yar dariya, daga baya dariyar ta koma wani abu dabam. Na ƙara fifita gawayin da ƙarfi don kada ya san na ji.

Ƙauri ya riga ƙamshi fitowa. Jim kaɗan ƙofa ta buɗe, Papa Simon ya fito da faranti biyu, idanunsa jajur, rigarsa duk mai. Ya miƙo mini ɗaya. Ni Isiyaku, a gidan da nake mai masauki, baƙo ne ke miƙo mini abinci. Kunya ta rufe ni har na rasa hannun da zan karɓa da shi. Ina cikin haka na ji ƙarar sanda a kan tsakuwa, Mama Odile ta tsallako.

Ta dubi kurfotina, ta dubi taga, ta dubi ƙasa tsakanin ƙafata da dokin ƙofa, kamar mai auna fili. Sannan ta juya ga tsohon.

"Simon, ya ƙwanƙwasa maka?"

"A'a."

"Ya shiga? Ya kawo maka abinci?"

"Wannan?" Ya nuna ni da cokali. "Ban san shi ba. Wani mahaukaci ne da ke hira da tukunyarsa."

Ta karɓi cokalin daga hannunsa ta ɗebi shinkafar ta kai baki. Ƙasan ta ƙone, saman da sauran tsakuwa-tsakuwa, gishiri kuwa ba a magana. Ta tauna ta haɗiye.

"Da matarka Bernadette na nan, kaji za ta zuba wa wannan," in ji ta.

Ta cire tabarau ta goge da bakin zaninta, ta daɗe tana gogewa. Daga baya na ji cewa kwana ukun nan ita ma ba ta ci abin kirki ba, tana zaune tana kallon tagar ƙawarta Bernadette, dokar da ta kafa da bakinta ta ɗaure ta. Ta ce in kawo kujeru. Mu uku muka zauna a tsakar gida muka cinye shinkafar nan tas, tawa mai kyau tana kan kurfoti ba wanda ya taɓa ta. Da za ta tashi ta kwance wani ƙaramin makulli daga ɗamararta ta ajiye a kan gwiwata. Ta ce ɗakin ajiyar yana yoyo ta kusurwar gabas, kada in rataya ƙarfe a wajen.

Ranar Juma'a na sauko Birik sallah. Na bai wa Alhaji labari, ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce in sayi kilishi in kai wa tsohon kafin gishiri ya kashe shi. Daga nan na koma bayan shago na kira Inna.

"Kayan babanka suna aiki?"

"Suna aiki, Inna. Suna rataye a bango, kowanne da ƙusarsa."

Ta yi hamdala. Sai na ba ta labarin baƙon da ya dafa ya ba ni, ina jiran faɗa.

"Ka cinye?" in ji ta.

"Na cinye, Inna."

"To, ka kyauta. Gobe ma in ya ba ka, ka cinye."